Gishiri a Kan Kwalta: Maganin Santsi a Ƙasashen Ƙanƙara da Abin da Yake Yi wa Motoci



Abin da zan yi magana a kansa yau, wataƙila wani ya ji shi ya ce ina ruwan biri da gada. Batu ne na gishirin da ake watsawa a kan hanyoyin mota a ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa a lokacin sanyinsu, da kuma abin da wannan gishiri yake jawo wa tuƙi da motocin kansu. Mu a nan ba mu san ƙanƙara a kan titi ba, iyakar abin da hunturu yake yi mana shi ne faso da kaushi da hazo. Duk da haka ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku, domin yawancin motocin da ƙananan ma'aikata suke saya a ƙasar nan, da waɗanda mu ɗalibai muke mafarkin saya idan mun kama aiki, a kan waɗancan hanyoyi suka yi ƙuruciyarsu.

Bari mu fara da matsalar da ta sa ake wannan aiki. Ruwa yana daskarewa idan sanyi ya kai digiri 0 a ma'aunin Salshiyas. A ƙasashe irin su Ingila da Jamus da Kanada, daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris, dare yakan yi sanyin da ya kai haka ko ya zarce. To, ruwan sama da ya kwanta a kan kwalta da yamma, ko ma raɓa kawai, kafin asuba ya zama ƙanƙara. Dusar ƙanƙara mai fari fat ba ita ce ta fi tsoratar da direbobi ba, domin ita ana ganinta. Abin tsoron shi ne wata siririyar ƙanƙara mai kama da gilashi wadda take lulluɓe kwalta, har mutum ya ɗauka jiƙa kawai hanyar ta yi. Turawa suna kiranta baƙar ƙanƙara, saboda baƙin kwaltar ake hange ta cikinta. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya gargaɗi direbobi cewa tazarar da mota take bukata kafin ta tsaya a kan ƙanƙara tana iya ninka ta busasshiyar hanya har sau 10. Ku auna wannan da kanku: motar da za ta tsaya cikin mita 25, sai ta zarce mita 250 tana sulɓi, sitiyari kuwa ya zama ado. Gadoji su ne suke fara daskarewa, saboda iska mai sanyi tana bugunsu ta sama da ta ƙasa, ba su kuma da ɗumin ƙasa da zai tallafe su.

Gishiri yana shigowa ne a nan. Idan ya narke cikin ruwa, sai ya hana ruwan daskarewa a digiri 0, ya tura iyakar zuwa ƙasa. Ruwan da gishirinsa ya kai kashi 23 cikin 100 ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 21 ƙasa da sifiri. Wannan a ɗakin gwaji ke nan. A kan hanya kuwa, da zarar sanyi ya wuce digiri 7 zuwa 10 ƙasa da sifiri, aikin gishirin yakan yi rauni ƙwarai, domin ba ya samun damshin da zai narke a ciki da sauri. A irin wannan hali ne ake komawa ga 'yan'uwansa masu tsada, watau gishirin kalsiyam da na magnesiyam, waɗanda suke aiki cikin sanyin da ya fi haka tsanani. Ku riƙe sunayen nan biyu, za mu sake haɗuwa da su.

Mutanen Ingila suna kiran wannan aiki da wata kalma mai nufin watsa tsakuwa, domin a dā yashi da toka da ƙananan duwatsu ake zubawa. Sunan ya zauna, amma abin da manyan motocin nan masu launin rawaya suke fesowa a yau gishirin dutse ne, ja-ja kamar ƙasa saboda yumɓun da ke gauraye da shi. Ana haƙo shi a Winsford cikin gundumar Cheshire, inda aka fara haƙa tun 1844, da Boulby a arewacin Yorkshire, da Kilroot a Ireland ta Arewa. A Kanada kuwa akwai mahaƙar Goderich, wadda ramukanta suka shiga har ƙarƙashin tafkin Huron. Ana zuba tsakanin giram 10 zuwa 40 a kan kowace murabba'in mita, gwargwadon abin da masu hasashen yanayi suka faɗa. A kunne kamar ba yawa. Amma mu yi lissafi: hanya mai faɗin mita 7, idan aka zuba mata giram 20, kowace kilomita guda za ta ci kilo 140, watau kusan buhu uku. Kilomita 100 ta ci tan 14 ke nan a fita guda, kuma a dare mai tsanani motar takan fita fiye da sau ɗaya. Amurka kaɗai tana zubar da wajen tan miliyan 20 a shekara, Kanada wajen miliyan 5. Idan mutum ya tuna da wahalar da Buzaye suke sha a kan raƙuma kafin su kawo kantun gishiri daga Bilma, sai ya riƙe baki.

Al'adar ba ta daɗe sosai ba. Jihar New Hampshire ta Amurka ce ta fara gwada gishiri a kan hanyoyinta a 1938, kana a sanyin 1941 zuwa 1942 ta mai da abin ƙa'ida. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motoci suka yawaita, aka shimfiɗa manyan hanyoyi, mutane suka koma zama nesa da wuraren aikinsu. Daga nan jama'a suka fara ganin haƙƙinsu ne su tashi da safe a tsakiyar sanyi su tarar da kwalta baƙa wuluk kamar a bazara. A ganina wannan buri shi ne tushen duk abin da ya biyo baya.

Har kotu maganar ta je. A watan Nuwamba na 1991 wani direba ya yi santsi a kan ƙanƙara da sassafe a gundumar East Sussex ta Ingila, ya bugi gada, jikinsa ya shanye. Motar gishiri ta iso wurin ne bayan hatsarin ya riga ya auku. Ya kai ƙarar hukumar gundumar, aka yi ta shari'a har zuwa shekarar 2000, sa'ad da alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya suka yanke cewa dokar hanyoyi ta 1980 ta wajabta wa hukuma gyaran hanya ne kawai, ba ta wajabta mata hana ƙanƙara ba. Mutumin ya tashi a tutar babu. Amma hukuncin ya sa aka gyara dokar a 2003, aka ɗora wa hukumomin hanya nauyin su tabbatar, iyakar abin da zai yiwu, cewa ƙanƙara ba ta jefa masu tafiya cikin haɗari ba. Ku da za ku shiga aikin gwamnati, ku lura da yadda jimla guda a cikin doka take komawa rumbunan gishiri da motoci da ma'aikatan da ke kwana a farke. A watan Janairu na 2010 sanyi ya yi tsananin da gishirin ya nemi ƙarewa a Birtaniya, har gwamnati ta shiga raba shi da kanta, ta kuma umarci hukumomi su rage abin da suke zubawa da kashi ɗaya cikin huɗu.

Shin yana amfani? Ko shakka babu yana yi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Marquette ta Amurka a 1992 ya nuna cewa haɗurra sun ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a sa'o'in da suka biyo bayan zuba gishiri. Ya kamata in faɗa muku cewa ƙungiyar masu sayar da gishiri ce ta ɗauki nauyin binciken, kuma mai talla ba ya kushe kayansa. Amma ko an rage wa adadin wani abu, babu mai musun cewa akwai dubban mutanen da suke raye a yau saboda motar gishiri ta riga su bin hanya.

Sai dai direban da ya ɗauka gishiri ya gama masa aiki yana cikin ruɗu. Ƙwayar gishiri ba ta aiki sosai sai tayoyi sun murƙushe ta sun gauraya ta da damshi, saboda haka hanyar da ba ta da zirga-zirga tana iya zama da santsi ko da an zuba mata. Ruwan sama yakan wanke shi kafin sanyin dare ya sauka. Idan ƙanƙarar da ta narke ta yi yawa, sai ta tsarma gishirin, ruwan ya sake daskarewa. Kuma ba kowace hanya ake bi ba, hukumomi sukan fara da manyan hanyoyi da na asibitoci da na motocin haya, lunguna kuwa sai dai kowa ya yi ta kansa. Bugu da ƙari, ruwan gishirin da tayoyin motar gaba suke fesowa yakan bushe a kan gilashi ya zama fari kamar an shafa alli, ya dushe fitilu, musamman idan rana ta yi ƙasa tana haska ido. Shi ya sa a can ba a wasa da ruwan wanke gilashi, ana kuma haɗa shi da sinadarin da zai hana shi daskarewa. Ƙwayoyin gishiri da tsakuwa kuwa suna tsartuwa su ƙwarzane fenti, wani lokaci su tsaga gilashi.

Wannan ƙwarzanen fenti shi ya kawo mu ga tsatsa, wadda ita ce zuciyar maganata. Ƙarfe yana tsatsa ne idan ya haɗu da ruwa da iska. Abin da ke faruwa a wurin kamar ɗan ƙaramin batir ne: wani sashe na ƙarfen yana sakin ƙwayoyin lantarki, wani sashe yana karɓa, ruwan da ke kwance a kai kuma shi ne hanyar da ta haɗa su. Tsabtataccen ruwa ba ya ɗaukar lantarki sosai, amma ruwan gishiri gwani ne a wannan fanni, saboda haka aikin da zai ɗauki shekaru sai ya gudana cikin watanni. Sa'an nan sinadarin kulorin da ke cikin gishiri yana huda siririyar fatar da ƙarfe yake yi wa kansa don kariya, ya riƙa cin rami a ciki. Abu na uku shi ne ya fi ban haushi. Gishiri yana jan damshi daga iska, kamar yadda kowa ya sani idan ya ga gishirin miya ya jiƙe da damina. Na girki yakan fara haka ne idan damshin iska ya kai kashi 75 cikin 100, amma na kalsiyam da na magnesiyam, waɗanda na ce ku riƙe sunansu, tun daga wajen kashi 30 suke farawa. Ma'ana, ƙarƙashin mota yana iya zama a jiƙe ko da hanya ta bushe ƙayau. Zafi kuma yana ƙara wa tsatsa sauri, har ya zama wanda ya ajiye motarsa mai gishiri a gareji mai ɗumi ya fi cutar da ita a kan wanda ya bar tasa a waje cikin sanyi.

Wuraren da abin ya fi ci su ne waɗanda ido ba ya kaiwa. Akwai casis, watau ƙashin bayan mota, wanda a motoci da yawa bututu ne mai rami, taɓo mai gishiri ya shige ciki ya kwanta ya riƙa ci daga ciki zuwa waje. Akwai bakin madigadi, da ƙasan ƙofofi, da salansa, da sifirin, da mazaunin shokozoba, da tankin mai da bututunsa, da mahaɗar wayoyin lantarki. Mafi haɗari duka shi ne siririn bututun man birki da ya bi ta ƙarƙashin mota. Shekara da shekaru yana sirancewa ba a sani ba, ranar da direba ya taka birki da ƙarfi don kauce wa wani abu, ranar yake fashewa.

Kada a ce zato nake yi. A 2015 hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta rufe wani dogon bincike a kan fashewar bututun birki a motocin General Motors ƙirar 1999 zuwa 2003. Ba ta sami kamfanin da laifin da zai sa a janye motocin ba, sai ta ɗora abin a kan gishiri da tsufa, ta shawarci masu tsofaffin motoci a jihohin sanyi su riƙa wanke ƙarƙashinsu, su kuma sa a duba musu bututun. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 3.4 a kan tsatsar casis a motoci kusan miliyan 1.5 ƙirar Tacoma da Tundra da Sequoia, ko da yake bai amsa laifi ba. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka kuwa ta ƙiyasta a 2017 cewa direbobin ƙasar suna kashe wajen dala biliyan 3 a kowace shekara a kan gyaran tsatsar da gishirin hanya ya haddasa. Gaskiya ne masu ƙera motoci ba su zauna sun naɗe hannu ba. Tun tsakiyar shekarun 1970 Porsche ya fara lulluɓe bodi da tutiya, Audi ya biyo baya a shekarun 1980, kuma yau haka ake yi kusan ko'ina. Wannan ya sa jikin mota na waje ya daina ruɓewa da wuri kamar dā, amma a nan ma akwai tarko, domin mota takan yi ƙyalli a sama alhali ƙasanta ya zama garin tsatsa.

Ɓarnar ba ta tsaya a kan motoci ba. Ruwan gishiri yana ratsa kankare ya iske rodin da ke ciki, rodin ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren. Gadar Champlain ta birnin Montreal, wadda aka buɗe a 1962, gishiri ya ci ta har aka rufe ta a 2019 aka koma kan sabuwa, ba ta ko cika shekara 60 ba. A Landan an rufe gadar sama ta Hammersmith ba shiri a watan Disamba na 2011 da aka gano ruwan gishiri ya cinye wayoyin ƙarfen da ke riƙe da ita. A garin Elliot Lake na Kanada kuwa, rufin wata babbar kasuwa da ake ajiye motoci a samansa ya rufta a watan Yuni na 2012, mata biyu suka mutu, bayan shekaru ruwan gishirin da ke ɗiga daga motoci yana cin ƙarfen ginin. Ragowar gishirin duk rafuka da tafkuna da rijiyoyi yake gangarawa, kuma ba ya ruɓewa. Hukumar kare muhalli ta jihar Minnesota tana yawan tunatar da jama'a cewa ƙaramin cokali guda ya isa ya gurɓata kusan lita 20 na ruwa.

Akwai wasu hanyoyin. A arewacin Sweden da Finland da Norway, inda sanyi yakan fi ƙarfin gishiri, hanyoyi da yawa ana share dusar ne a daddale ragowar a zuba yashi, nauyin kuma ya koma kan direba: ya sa tayoyin sanyi, ya rage gudu. Lardin Quebec ya wajabta tayoyin sanyi tun 2008. Amma kowace dabara da kuɗinta. Tayoyi masu ƙusoshi suna riƙe ƙanƙara, sai dai suna kankare kwalta su tā da ƙura mai cutar da huhu, abin da ya sa Japan ta kafa dokar hana su a 1990. Hukumomi da yawa yanzu sun koma fesa ruwan gishiri tun kafin ƙanƙara ta sauka, domin haka ya fi tsimi, wasu suna gauraya shi da ruwan rake ko na gwoza mai zaƙi don ya manne. A jihar Wisconsin, ƙasar cuku, har ruwan gishirin da ya rage a masana'antar cuku an gwada. Ni dai ra'ayina ya fi karkata ga tsarin mutanen arewacin Turai, domin ya bar wa direba rabonsa na hankali. Amma ban ga yadda ɗan siyasar Ohio ko na Ingila zai tsaya ya gaya wa masu zaɓensa su fita aiki a kan farar hanya ba. Gishiri ya fi komai araha a ranar da aka saye shi, kuma wanda ya zuba shi ba shi ne zai biya kuɗin tsatsar ba.

To, wa zai biya? Wani kaso dai jirgin ruwa yake hawa ya zo mana. Motocin da muke kira tokumbo, ko Beljiyam, ko 'yan Kwatano, daga tashoshi irin su Antwerp da na gabashin Amurka da Kanada ake loda su, su sauka a Legas ko Kwatano, daga nan su bazu har Kano da Sakkwato da Maraɗi da Yamai. A ƙasashen Turai da dama tsatsar casis ko ta bututun birki tana kayar da mota a gwajin lafiyar da doka ta wajabta, gyaran kuma yakan fi darajar motar, sai mai ita ya sallama ta ga dillalai. Idan ta iso nan, busasshiyar iskar rani takan sa tsatsar ta lafa, amma gishirin da ya maƙale a lunguna yana nan, damina na faɗuwa ya farka, ga kuma zafin da bai taɓa samu ba a can.

Saboda haka wanda zai sayi irin wannan mota, kada ƙyallin fenti da sanyin na'urar sanyaya ɗaki su ɗauke masa hankali. Idan daga Amurka ko Kanada ta fito, lambar casis mai haruffa da lambobi 17 tana buɗe tarihinta a intanet, a ga inda aka yi mata rajista. Wadda ta zauna a Michigan ko Ohio ko New York ko Ontario ba ɗaya take da wadda ta zauna a Texas ko Arizona ba, ko da shekarunsu ɗaya. Sa'an nan a kai ta kan rami tare da bakaniken da mai saye ya zo da shi da kansa, a shiga da tocila. Jan tsatsa na sama-sama a kan salansa ba abin damuwa ba ne. Abin gudu shi ne ƙarfen da ya kumbura yana ɓarewa falle-falle, ko wanda aka ƙwanƙwasa da guduma ya amsa da mataccen sauti. A ɗaga shimfiɗar ƙasa, a leƙa mazaunin safaya taya, a bi ƙasan ƙofofi da maganaɗisu, domin ba ya kama inda aka cike rami da ƙullun masu gyaran bodi. Idan aka ga ƙarƙashin tsohuwar mota ya sha sabon baƙin fenti, a tambayi dalili. In an saya, a wanke ƙasanta da ruwa mai ƙarfi har cikin ramukan casis, a buɗe ƙananan kafofin da ruwa ke fita a ƙasan ƙofofi. Bututun birki kuwa a bi shi da yatsa daga gaba har baya, musamman inda ya ratsa saman tankin mai da inda maƙalai suka riƙe shi, in an ji ƙuraje a jikinsa a canza shi kafin a hau babbar hanya.